Kod ɗin gado da filashin da muke kira rumbu

Rubutun nan zai yi tsawo, wanda datarsa ke numfashin ƙarshe ya ajiye shi sai dare. Amma in kana digiri na biyu ko ajin ƙarshe, kuma an ce maka da R za ka yi nazarin bayananka, don Allah ka daure ka karanta. Abin da ya same ni a watan jiya ba na fatan ya sami kowa.

Bincikena a kan yadda gonaki da fadamar bakin kogin Yedzaram ke komawa gidaje ne, a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san wuraren da muka gani ana noma muna yara, yau bulo ne da kwano. Aikin shi ne a ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, waɗanda kyauta ake ba da su, a koya wa kwamfuta ta bambance gona da gini da ruwa da daji, sannan a auna yadda kowanne ya ƙaru ko ya ragu. Wani yayanmu a sashe ya taɓa yin irin wannan aiki, ya tsaya a 2018. Malamin da ke duba aikina ya ce in ɗora daga inda ya tsaya, amma da sharaɗi.

Ya ce, "Kafin ka ƙara ko shekara ɗaya, ka fara fito min da teburinsa yadda yake a kundinsa. In ka fito da nasa, na yarda hanyarku ɗaya ce, sai mu kwatanta."

Na ce, "To Malam, in sha Allahu mako ɗaya ya isa."

Yayan namu mutumin kirki ne, ba shi da rowar ilimi. Ina kiransa ya turo min komai ta WhatsApp, kod ɗinsa da bayanansa da fayil ɗin taswira. Har da saƙon murya: "Ƙanena, babu wani abu a ciki, ka danna kawai zai tafi." Ni kuma na yarda. Na ajiye folda ɗin na shiga zuwa ƙauyuka ɗaukar wurare da GPS, ga koyarwar da nake yi a wata sakandare da safe. Ban buɗe ba sai da ya rage kwana tara in gabatar da semina. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Layi na uku kod ɗin ya tsaya. Jan rubutu.

Ga wanda bai fara ba tukuna, bari in ɗan yi bayani. R manhaja ce ta kyauta da wasu malamai biyu, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka fara a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand a farkon shekarun 1990. Kowa na iya saukewa, kowa na iya duba cikinta, shi ya sa muke sonta, ba sai ka nemi fasasshiyar manhaja a kasuwa ba. Amma R ita kaɗai ba ta iya komai da komai. Yawancin aikin da muke yi, ƙunshe-ƙunshen kod ne da wasu mutane suka rubuta suke yi mana, abin da muke cewa fakej. Ana tara su a wata ma'ajiya mai suna CRAN, wadda aka kafa a 1997, yanzu akwai sama da fakej 20,000 a cikinta. Matsalar ita ce kowane fakej a kan wasu yake tsaye. Kamar mai shayin bakin makaranta ne: shi da mai burodi yake hulɗa, mai burodi da mai fulawa, mai fulawa da motar da ke zuwa daga Kano. Ranar da mai fulawa ya rufe shago, kai da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba kai za ka sha shayi gaya.

Mai fulawata sunansa rgdal. Shi ne yake buɗe fayil ɗin taswira a kod ɗin Yaya. Na ba da umarnin a sauke shi, R ta ce babu shi ga sigar da nake da ita. Na ɗauka sabis ne. Na fita tsakar gida, na sake. Na canja sim, na sake. Sai da na yi bincike na gane ashe an yi masa ritaya. Farfesa Roger Bivand, wanda ya yi shekaru yana kula da shi daga Bergen ta ƙasar Norway, ya sanar tun da wuri cewa za a ajiye rgdal da rgeos da maptools, a koma sababbi irin su sf da terra. A watan Oktoba 2023 aka cire su daga jerin CRAN aka mayar ɗakin ajiyar tsofaffi. Duniya ta san da maganar tun tuni. Mu ne dai labarin bai iso mana ba, saboda kod a wajenmu gado ne, daga hannun na gaba zuwa na baya, ba wanda yake tambayar yaushe aka rubuta shi.

Na ce to ai da sauƙi, tunda yana ɗakin ajiya bari in ɗauko tsohon. Nan na gane wani abu kuma. Fakej ɗin da muke saukewa a Windows dafaffe ne, an riga an haɗa shi. Wanda ke ɗakin ajiya ɗanye ne, sai ka dafa da kanka, kuma tukunyar dafawar ita ce Rtools, mai nauyin ɗaruruwan megabait. Kun san yadda data ta koma tun farkon 2025 da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Na sayi ta dare, na saita agogo ƙarfe ɗaya. Ya yi nisa sosai sabis ya yanke, ya koma farko. Karo na biyu ya sauka, na fara dafawar, rubutu na ta gudu a allo kamar abin kirki, sai aka ɗauke wuta. Batirin laftof ɗina kuwa minti ashirin ne iyakarsa. Na zauna cikin duhu, sauro na ta waƙa, wallahi har na fara lissafin ko in nemi a ɗaga min seminar zuwa zango na gaba. Wanda ya biya kuɗin makaranta da albashin malamin sakandare ya san abin da ƙarin zango yake nufi.

Da safe na kira Yaya. Na ce, "Yaya, wace sigar R ka yi aiki da ita, kuma waɗanne sigogin fakej?"

Ya yi dariya. "Kai ƙanena, wa yake riƙe wannan? Wadda ke kan laftof ɗina ce lokacin, shi kuma ya daɗe da mutuwa."

Sai na haƙura da tayar da matacce. Na zauna kwana uku a shagon wani mai cajin waya da ke da sola, ina sauya kod ɗin layi-layi daga rgdal da raster zuwa sf da terra. A hanya na ci karo da wani ƙaramin tarko: tun R 4.0.0 da ta fito a Afrilu 2020, R ta daina mayar da rubutu zuwa rukuni da kanta idan ta karanta tebur, don haka shafin da ke cewa gona, gini, ruwa, daji ya shigo a matsayin kalmomi kawai, aikin ya ƙi tafiya. Wannan layi ɗaya ya gyara shi. Daren kwana na uku kod ya tafi daga farko har ƙarshe ba ja ko ɗaya. Taswira ta fito tas. Har na yi sujadar godiya.

Sai na buɗe kundin Yaya na ajiye teburinsa kusa da nawa. Ba su zo ɗaya ba.

Bambancin ba babba ba ne, amma ana gani. Adadin da ke nuna yadda kwamfuta ta yi daidai wajen gane gona da gini ya sauka ƙasa da nasa, faɗin gonakin ma ya ɗan motsa. Bayanai ɗaya, hanya ɗaya, har lambar da ake sa wa set.seed don zaɓen kan-mai-uwa-da-wabi ya maimaitu, duk ɗaya. Saura kwana biyar.

A nan ne ainihin abin da ya sa nake wannan rubutu. Abokin ɗakina, wanda yake ganin halin da nake ciki, ya ce, "Malam, wa zai duba? Kwafi teburinsa ka saka, ka ce ya fito. Ai ba ƙarya ka yi ba, aikin ka yi shi." Ba zan yi muku fankama ba, na buɗe fayil ɗin, na sa hannu a kan lambobin. Na fi minti goma a haka. Abin da ya tsayar da ni ba wani ƙarfin hali ba ne. Tunani na yi cewa in na saka nasa a 2018, nawa na 2024 kuma ya fito daga injin da ke ba da wata amsa daban, to duk bambancin da zan ce na gano tsakanin shekarun, ban san nawa ne na gonakin da suka tafi ba, nawa ne na kwamfutata. Babi na huɗu gaba ɗaya zai zama gini a kan rairayi. Kuma Malam mutum ne mai cewa "buɗe laftof ɗin mu gani" ba tare da sanarwa ba. Tsoron wannan ma ya taimaka, gaskiya.

Na koma kundin Yaya ina karantawa kamar mai neman allura. A can ƙarshe, cikin jerin littattafan da ya duba, na ga layi ɗaya da ya ambaci R, da shekarar 2018. Na dawo babi na uku, sai ga shi a wata jimla da na tsallake sau nawa: siga ta 3.5.1. Shi kansa ya manta ya rubuta. Da wannan lamba na shiga karanta bayanan sauye-sauyen da R ke fitarwa da kowace siga, na tarar da abin. A siga ta 3.6.0, Afrilu 2019, an canja yadda umarnin sample yake zaɓen lambobi, saboda an gano tsohuwar hanyar tana ɗan karkata idan abubuwan da ake zaɓa daga ciki suna da yawa ƙwarai. Gyara ne mai kyau. Amma sakamakonsa shi ne, ko da ka sa set.seed iri ɗaya, tsohuwar R da sabuwa ba za su zaɓo maka wurare iri ɗaya ba. Kod ɗin Yaya yana raba wuraren da aka ɗauka gida biyu, kashi 70 na koyar da kwamfuta, kashi 30 na jarraba ta. Tawa R ɗin wasu wurare daban take zaɓa.

Masu R ba su bar mutane a rana ba, sun ajiye ƙofar komawa baya. Akwai umarnin RNGversion, ka ba shi lambar tsohuwar siga, sai zaɓen ya koma yadda yake a da. Na sa 3.5.1, na danna, na fita alwala don ba zan iya kallon allon ba. Na dawo na tarar da teburin Yaya, har lamba ta biyu bayan ɗigo.

Washegari na kai wa Malam duka biyun, na ba shi labari tiryan-tiryan. Na ɗauka zai yaba min ne kawai. Ya daɗe yana kallon takardun, sannan ya ce, "To ka ga abin da ka gano? In canja wuraren da aka zaɓa kaɗai yana motsa amsar haka, to ba lambarsa ce gaskiya ba, ba kuma taka ba. Kowannenku ƙuri'a ɗaya ya jefa. Je ka maimaita rabon sau 100, ka kawo min matsakaici da iyakar yadda yake kai-kawo." Na fito ofishinsa ban san ko murna zan yi ko kuka ba. Amma a semina, wannan ɓangaren ne aka fi tambayata a kai, kuma shi ne kaɗai na amsa ba tare da gumi ba.

Bayan ƙura ta lafa na zauna na tambayi kaina, me ya kamata a ce Yaya ya bar min, wanda ni ma ya kamata in bar wa na bayana? Amsar ba ta da tsada ko kaɗan.

Mafi sauƙi, a ƙarshen kod ɗinka ka rubuta sessionInfo(). Zai fito maka da sigar R da ta kowane fakej da ka ɗora. Kwafa ka manna a rataye a bayan kundinka. Shafi ɗaya ne. Da Yaya ya yi wannan, da kwana biyu cikin taran nan sun dawo min.

Wanda ya fi wannan shi ne wani fakej mai suna renv, na kamfanin Posit, masu RStudio. Kana fara aiki ka ce renv::init(), sai ya ware wa wannan aikin ɗakinsa na fakej shi kaɗai, yadda in ka sabunta wani abu saboda aikin kwas ba zai taɓa na kundinka ba. Duk lokacin da komai ke tafiya daidai ka ce renv::snapshot(), sai ya rubuta wani ɗan fayil, renv.lock, mai ɗauke da sunan kowane fakej da sigarsa da inda aka samo shi. Wanda ya gaje ka ya ce renv::restore(), a dawo masa da su yadda ka bar su. Kada in yi muku daɗin baki, ba maganin komai ba ne. Yana rubuta sigar R amma ba ya saka maka ita, kuma in tsohon fakej na buƙatar dafawa, sai ka nemi tukunya. Amma ko ba komai ka san abin da kake nema, ba lalube a duhu ba.

Fayil ɗin nan bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba. Ka tura wa kanka ta imel tare da kod ɗin. Mu 'yan Mubi ba sai an yi mana wa'azi a kan wannan ba. A ƙarshen Oktoba 2014 mutane da kayan jikinsu suka bar garin nan, ɗalibai da malamai, wasu a ƙafa ta duwatsu har Kamaru. Ba wanda ya tsaya naɗe wayar caja. Allah kada Ya maimaita mana, amma laftof ko lafiya lau ake yana mutuwa, ana kuma sace shi.

Sai dai renv bai taɓa babbar matsalarmu ba, wato data. Mu bakwai ne a ajinmu masu amfani da R. Da muka zauna hira na gane kowannenmu ya sauke tidyverse da kuɗinsa, wasu sau biyu sau uku saboda yankewar sabis. Abu ɗaya, an biya shi fiye da sau bakwai. Waɗanda suka tsara waɗannan abubuwa sun ɗauka intanet kamar iska ce, kullum tana nan. Ba mugunta ba ce, haka rayuwarsu take. Mu ya kamata mu daidaita abin da tamu rayuwar.

Shi ne muka yi karo-karo muka sayi filash. Akwai fakej mai suna miniCRAN, ka ba shi sunayen waɗanda kake so, shi zai bi ya gano duk waɗanda suke tsaye a kansu, mai burodi da mai fulawa da direban mota, ya sauke su gaba ɗaya a folda guda da tsari irin na CRAN. Daga nan sai ka nuna wa install.packages hanyar filash ɗin a maimakon intanet. Muka haɗa jeri: tidyverse, sf, terra, randomForest, da agricolae saboda 'yan aikin gona, da renv kansa. Wata 'yar ajinmu da za ta Yola biki ta tafi da shi, ta cika shi a inda ta sami intanet mai ƙarfi. Muka sa masa suna rumbu.

Ranar farko rumbu ya ba mu kunya. Ya yi wa mutum huɗu aiki, ya ƙi uku. Ashe dafaffen fakej na Windows da layin sigar R yake tafiya, wanda aka dafa wa 4.4 yana folda daban da na 4.2, kuma ukun nan tsohuwar R ce a kwamfutocinsu. Aka yi ta musu, wani ya ce shi ba zai taɓa tasa ba tunda tana masa aiki, kuma ban ga laifinsa ba bayan abin da na gani. A ƙarshe muka yarda duk wanda bai fara nazari ba ya koma siga ɗaya da mu, muka saka fayil ɗin saka R da RStudio da Rtools a cikin rumbun. Wanda ya yi nisa kuma ya tsaya a tasa, ya rubuta sigoginsa ya adana. Windows ma ba ta goge tsohuwar R in ka saka sabuwa, suna iya zama tare.

Doka ɗaya muka kafa mai tsauri: rumbu ba ya shiga kwamfutar shagon buga takardu. Duk kun san ƙwayar cutar nan da ke ɓoye folda ta bar maka inuwarsu. Akwai kwafi na biyu a laftof ɗina, na uku a wajen 'yar ajin namu.

'Yan uwanmu na Poly da ke aiki da Python, ku ma kuna da irin wannan. Umarnin pip freeze yana rubuta sigogin, pip download yana tara fakej a folda don a saka ba intanet. Wanda ya fi ni sani a cikinku ya yi mana bayani a ƙasa.

Ina da roƙo ga malamanmu, cikin ladabi. Yadda ake neman mu manna takardar tambayoyi a rataye, da za a nemi wannan shafi na sigogi ma, da an huta. Ba ya cin kuɗi, ba ya cin lokaci, kuma ɗalibi ba zai yi ba sai an ce dole, mun san kanmu.

Wani abu kuma da ya tsaya min a rai. Daren da rgdal ya ƙi sauka na yi ta faɗa a zuciyata da wanda ya cire shi. Da na karanta na ji kunya. Dattijo ne da ya yi shekaru yana gyara wa duniya kaya kyauta, har da mu nan Mubi da bai san da zamanmu ba, kuma bai sulale ba, ya yi sanarwa, ya nuna inda za a koma. Mu kuwa a shafin godiya muna ambaton kowa, har mai abincin bakin get, amma ba ma ambaton waɗanda kod ɗinsu ya haifi kowace lamba a babi na huɗu. Akwai umarnin citation, ka ba shi sunan fakej, zai faɗa maka yadda masu shi suke so a ambace su. Na saka Edzer Pebesma na sf da Robert Hijmans na terra a nawa jerin. Layin da Yaya ya saka na R ba tare da ya ɗauke shi komai ba, shi ya cece ni.

Na kira Yaya na ba shi labarin yadda ta kaya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ƙanena, turo min naka kod ɗin da wannan fayil ɗin da kake faɗa. Mutum biyu na tura wa tsohon bayan kai."

Rumbu yana wajena. Mai so ya same ni bayan la'asar ranar Talata ko Alhamis a ɗakin karatun 'yan digiri na biyu, ya zo da laftof da caji a cikinsa. Kafin ka taho ka buɗe R ka duba layin farko da ke fitowa a allo, ka rubuto min lambar sigar. In akwai fakej da kake buƙata da ba ya cikin jerin, faɗa kafin ƙarshen wata, akwai mai tafiya Yola. Kuma don Allah kada wanda ya sake zuba min waƙoƙi a ciki.